Me Ya Sa Laftof Ke Jan Mai Ita?



Duk mai laftof mai jikin alminiyam, irin su MacBook, ko kwamfutar hannu irin iPad, ya san wannan abu. Na'ura na jone a caji, mutum ya shafa gefenta, sai ya ji wani ɗan zuu kamar fatar yatsunsa na rawa. In ƙafa ba takalmi a kan siminti, ko hannu da gumi, abin har tsunkuli yake yi. Da yawa sai su sungumi kwamfutar su nufi shagon mai gyara, alhali galibi ba ta da laifin komai. Batirinta bai cika wuce bolt 15 ba, cajarta kuma 19 ko 20 take ba ta, wannan kuwa bai isa ya ratsa busasshiyar fata ba. Wutar da ake ji daga bango take tahowa, ta cikin caja.

Cajar zamani tana karɓar bolt 230 ta soket, ta daddatsa ta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya kafin ta rage mata ƙarfi. Wannan datsawa tana haifar da hayaniyar lantarki mai dagula rediyo da sauran na'urori. Don kashe hayaniyar, masu ƙera caja suna sa wata 'yar kafasita, wadda injiniyoyi suka yi wa laƙabi da harafin Y, tsakanin ɓangaren babbar wuta da na ƙaramar. Tana aikinta, amma tana barin 'yar wuta kaɗan ta zurara. In filogin mai ƙafa uku ne kuma gidan yana da wayar ƙasa, zurarar tana bin ƙafa ta uku ta shige ƙasa, ba wanda zai ji ta. In babu wannan hanya, sai ta tsaya a jikin kwamfutar tana jiran wanda zai taɓa.

A nan ne ma'aunin wuta ke tsorata mutane. Wanda ya ɗora mita tsakanin jikin laftof da ƙasa yana iya ganin bolt 100 ko fiye, wajen rabin wutar soket. Sai dai abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki. Tsohuwar ƙa'idar duniya ta IEC 60950 ta taƙaita zurarar caja marar wayar ƙasa ga miliamfiya 0.25. Makatsar kariya da ake sa wa gidaje kuwa, wadda ke yanke wuta in ta fara bin jikin mutum, a miliamfiya 30 take tsinkewa, ninki 120 ke nan.

Binciken matsalar ba ya buƙatar sukudireba. A fara da zare caja daga bango, a bar kwamfutar kan batiri. In jan ya ɗauke, to an wanke ta. Sai a gwada wani soket, a wani gini in da hali, sannan a ari cajar asali ta irin na'urar a gani. Kada a manta da firinta, lasifika ko talabijin da aka haɗa da ita, domin zurararsu na iya biyo waya ta iso jikinta ko da cajarta ba ta jone.

Sau da yawa bincike a soket yake ƙarewa. Najeriya ta gaji soket mai rami uku irin na Ingila, amma rami na uku a gidaje da yawa ado ne kawai, ba wayar da ta kai shi ga sandar tagulla a ƙasa. Ga ekstenshan mai arha da wayoyi biyu kacal a ciki, ga janareta da inbata da aka jona ba tare da an kafa musu sanda ba, ga kuma ɗabi'ar zura murfin biro a ramin sama don a cusa filogi mai ƙafa biyu. Masu MacBook na da nasu tarkon: ɗan kan da ke maƙalewa kai tsaye a jikin caja ƙafa uku gare shi, amma ba ya sada cajar da ƙasa. Doguwar wayar Apple mai ƙafa uku ce ke yin hakan, kuma sau tari da an sa ta jan ke ɓacewa.

Duk wannan bayani ya shafi caja ta ƙwarai ne. Ta jabu wani labari ne daban, domin tazarar da ke raba babbar wuta da ƙaramar a cikinta kan zama siririya ƙwarai, danshi kaɗan ya isa ya haɗe su. A 2016 hukumomin kare masu saye na Birtaniya suka bayyana cewa cikin cajojin Apple na jabu 400 da aka gwada, 3 ne kawai ke da isasshiyar kariya. A Yulin 2013 wata ma'aikaciyar jirgin sama mai shekara 23 ta rasu a Xinjiang ta ƙasar Sin, tana amsa waya a kan caji. Wata guda bayan haka Apple ya fara karɓar cajojin da ba nasa ba yana sayar da na asali kan dala 10. A 2014 ma an tsinci gawar wata ma'aikaciyar jinya a Ostareliya da abin sauraro a kunne, laftof a jikinta, aka ɗora alhakin a kan cajar waya mai arha.

Saboda haka jan da ke sa hannu ya fizge, ko caja mai ƙauri, tsagewa, ƙara ko zafin da ba a iya riƙewa, ba abin gwaji ba ne. A kashe soket, a jefar da ita, kada a naɗe ta da salatif. Kayan asali ma ba su tsira baki ɗaya ba. A Afrilun 2019 Apple ya janye wasu kawunan caja masu ƙafa uku da ya sayar tsakanin 2003 da 2010 don Birtaniya, Hong Kong da Singafo, saboda suna iya fashewa su ja mai taɓawa. Irin soket ɗinsu ɗaya da na Najeriya, kuma kwamfutocin gwanjo da tsofaffin cajojinsu suke shigowa, don haka mai sayen ta-hannu ya duba kan cajar da kyau kafin ya biya kuɗi.