Abin Da Muka Gani A Kan Dutsen Mambila

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, a madadin ɗaliban da suka yi wannan tafiya)



Ku kuka ɗauki nauyin tafiyarmu da kuɗin ƙungiya, saboda haka wajibi ne mu tsaya gabanku mu faɗi abin da idonmu ya gani. Da aka ce Mambila za mu, wasu sun yi gunaguni, wai me ke can in ban da sanyi da shanu. To, sanyin da shanun duk mun same su, amma akwai abin da ya fi su.

Daga Jalingo muka kama hanya da asuba, muka bi ta Bali da Serti, har Mayo Selbe inda hawa ke farawa. Nan ne kowa ya yi tsit. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu guda, kwazazzabo a ɗaya hannun, mota tana nishi, direba ba ya ko tari. Masu cika baki a ɗakin kwana ranar mun ji su suna salati. Da muka kai Maisamari sai duniya ta sake. Tuddai ne a jere, lulluɓe da ciyawa kore shar iyakar ganin ido, ga hazo yana yawo ƙasa-ƙasa har mutum ya ga gajimare a ƙarƙashinsa. Tudun nan ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku, shi ya sa da wuya zafin rana ya wuce digiri 25. Wanda bai zo da bargo ba, a Gembu ya gane kurensa.

Mun ziyarci gonar shayi ta Kakara, inda ake tsinkar ganyen da hannu, a sarrafa shi nan take. Da yawa daga cikinmu, duk da shan shayin da muke yi lokacin jarrabawa, ba mu taɓa sanin ana noma shi a ƙasarmu ba. Muka kuma shiga kurmin Ngel Nyaki, ragowar dajin kan tudu inda har yanzu ake samun birai iri-iri. Ƙololuwar Chappal Waddi kuwa, wadda ta fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419, tana can kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Ba mu hau ba, don tafiya ce ta kwanaki a ƙasa.

Akwai tarihin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Wannan yanki a da yana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Ashe ke nan su da kansu suka zaɓe mu. Mu kuwa, me muka saka musu da shi?

A nan ne maganar take da nauyi. Albarkar da ke jawo baƙo ita ce ke haddasa rigima. Da yake babu ƙudan tsando, ga ciyawa kusan shekara duka, Fulani makiyaya sun daɗe da zama a kan tudun da garkunansu, Mambilawa manoma kuma suna neman inda za su sa fartanya. Jama'a na ƙaruwa, shanu na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Mun ga gefen tuddai da kiwo ya aske, ruwa yana zaizaye su. A watan Yuni na 2017 wannan jayayya ta kai ga zub da jini, aka yi asarar rayuka da dukiya. Ita ma madatsar ruwan da aka ce za ta ba da lantarki megawat 3,050, an sa hannu kan kwangilarta a 2017, amma mu dai ba mu ga wutarta ba.

Muna roƙon yayyenmu ma'aikata da ke wannan zaure su gafarce mu. Mun sha jin cewa in aka tura ma'aikaci irin waɗannan wurare sai ya ɗauka horo ne, ya shiga neman wanda zai soke masa canjin. Alhali malamin gona, da likitan dabbobi, da mai auna filaye, da alƙali mai gaskiya, su ne wurin yake nema, kuma gobe mu ne su.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a mai da wannan ziyara ta kowace shekara, a riƙa yin ta da rani kafin ruwa ya ɓata hanya, a kuma tafi da mai jin Fillanci, don da shi aka fi ciniki a kasuwannin can. Lissafin kuɗin da muka kashe yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.