Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye 'Yan Agajin Unguwar Mandawari

 

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanmu da wannan rana.

An koya muku tsayar da jini da ɗauke wanda ya suma. Ni kan gaɓa zan tsaya, domin a nan mai agaji ya fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Baligi yana da ƙashi 206, kuma duk inda biyu suka haɗu, gaɓa ce. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci gaɓoɓi 360, ya nuna kowacce sadaka take nema. A bakin ƙasusuwan akwai guringuntsi mai santsi, da ɗan ruwa mai yauƙi da ke hana su gogar juna, sai jijiyoyi da suka ɗaure su. Guringuntsin nan jini ba ya ratsa shi, shi ya sa in ya cinye da wuya ya dawo. Dattijon da kuke gani a ƙarshen sahu yana salla kan kujera, galibi abin da ya sami gwiwarsa ke nan.

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce cikin turmi mai zurfi, ba ta fita da wasa. Ramin kafaɗa kuwa ba shi da zurfi. Hakan ne ya ba hannu damar juyawa ko'ina, hakan kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Ranar hawan Salla, in doki ya kayar da mahayi, ko A Daidaita Sahu ya bugi yaro a Sabon Titi, za ku ga taro ya yi caa, wani ƙarfaffa yana cewa a riƙe masa ya ja hannun. Kada ku bari. Ido ba ya raba targaɗe da gocewa da karaya, sai hoto. A tallafe gaɓar yadda aka same ta, a sa ƙanƙara cikin tsumma, a tafi asibiti.

Masu ɗori iyayenmu ne, sun yi wa garin nan hidima tun kafin zuwan asibiti, ba na raina su. Amma ɗaurin da ya matse, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka fara baƙi, ya tare jini ne. A kwance shi nan take. Jinkirin kwana ɗaya yana iya jawo yanke hannun yaro.

Haka mai sikila da ke ɗingishi yana kukan ƙugu: kada a ce sanyi ne a yi ta shafa man zafi, kan ƙashin cinyarsa ne mai yiwuwa ya rasa jini.

Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, mutane na zuwa masa daga jihohi masu nisa, mu kuwa ga shi a bayan gida. Ku kai masu rauni can da wuri.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.