Ranar Fainal, Kujerar Gaba ta Wa ce?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan gidan kallo na Anka, Gummi da Bukkuyum. Yau kan tikitin wasan ƙarshe za mu yi magana.

'Yan Arsenal da Chelsea, kun tuna fainal ɗin Europa na 2019 a Baku? Filin na ɗaukar mutum sama da 60,000, amma tikiti 6,000 kacal aka ware wa magoya bayan kowace ƙungiya. A Ingila kuwa, filin Wembley na cin mutum 90,000, amma a fainal ɗin kofin FA na 2023, Manchester United da Manchester City kowacce wajen 30,000 ta samu. To ina sauran? Wasu na tafiya ga jami'ai da ƙananan ƙungiyoyi, dubbai kuma na hannun 'yan Club Wembley, masu kuɗi da kamfanonin da suka biya kuɗin kujera na shekaru tun kafin a san wa zai kai fainal. Shi ya sa in an dawo hutun rabin lokaci za ku ga tsakiyar filin da kujeru ba kowa: masu su na ciki suna cin abinci.

Abin da ciwo, amma ku lura: su biya suke yi, kuma da kuɗinsu ake tafiyar da filin.

Mu dawo gida. In an zo fainal ɗin gasar unguwanni a garuruwanmu, wa ke share fili? Matasa. Wa ke karo-karon kuɗin ƙwallo da rigunan wasa? Matasa. Amma ranar fainal sai a kafa rumfa, a jera kujerun roba, manyan baƙi da 'yan rakiyarsu su cike su kyauta. Yaron da bai fashi wasa ko ɗaya ba shi ke biyan kuɗin ƙofa, ya tsaya a rana. Mahaifin mai tsaron gida ma wani lokaci a tsaye yake kallo. Wallahi wannan ya fi na Wembley muni.

Ba na cewa kar a girmama manya, tarbiyyarmu ce. Abu uku nake roƙon kwamitocin gasa. Na ɗaya, layin gaba na iyayen 'yan wasa ne da masu buƙata ta musamman. Na biyu, duk mai son inuwar rumfa ya ba da gudummawa, a ajiye ta don jinyar ɗan wasan da ya ji rauni. Na uku, a karanta kuɗin ƙofa a lasifika kafin a miƙa kofi.

Kaftin-kaftin, tun ranar da ake jefa ƙuri'ar gasa za ku sa a rubuta wannan, don in an riga an kafa rumfa ba mai saurarenku. Ku faɗa mana yadda ake yi a garinku. Mu kwana nan, sai shiri na gaba.