Jawabi Kan 'Ya'yanmu Masu Raunin Fahimta

'Yan uwa Hausawan Minna, yaron da aka haifa da raunin fahimta ba mahaukaci ba ne. Da can mari mukan sa masa, ko mu kai shi asibitin mahaukata mu manta da shi. A 2019 'yan sanda suka kwance mutum fiye da 300 a Rigasa, Kaduna. A 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Yanzu likita dubawa yake yi ya sallamo gida, kwantarwa sai da wata lalura. To, nauyi ya dawo kanmu ke nan. Mu ja su rumfa, mu koya masu awo da ƙirgar canji. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.