Irin da Aka Ajiye a Ɓargo: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Lafiya



Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya, malamai abokan aiki, iyayen yara da kuka taso tun asuba, sai ku 'ya'yana masu fita yau. Ina yi wa kowa barka da wannan rana.

'Ya'yana, kafin ku karɓi takardunku, ina so mu koma darasin ajinku na farko, domin shi ne zai bi ku asibiti. Kowannenmu a zauren nan ya faro ne daga ƙwaya ɗaya tak. A kwana na 5 ta zama ɗan dunƙule da bai kai ƙwayar gero ba. A mako na 3 dunƙulen ya shimfiɗu hawa uku: na sama ya ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ya ba da ƙashi da tsoka da jini, na ciki ya ba da hanta da huhu da shimfiɗar hanji. Wajen kwana na 22 zuciya ta fara bugawa, sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, har yau in na zo wurin sai na ce Subhanallah.

Manomi ba ya cinye hatsinsa kaf, sai ya ware iri a rumbu. Haka jiki yake yi. Akwai ƙwayoyin tushe waɗanda in sun rabu biyu, ɗaya ta tafi aiki, ɗaya ta zauna a matsayin iri. Na jini sukan fara aiki a hantar ɗan tayi kafin su tare a ɓargo, kuma daga nan ne ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. A 1961 Till da McCulloch suka nuna su a Toronto: sun zuba wa ɓeraye ɓargo, sai ga ƙulli-ƙulli a kan saifa, daga baya aka tabbatar kowane ƙulli zuriyar ƙwaya ɗaya ne. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar da ta girma ta koma iri.

Me ya haɗa mu da ɓerayen Toronto? Sikila ce ta haɗa mu.

Ba na manta wata uwa da ta shigo min da jariri a goye, hannuwansa sun kumbura sumtum, yana ta tsala kuka. Ta ce, "Likita, wata shida yaron nan lafiyarsa ƙalau, wa ya sa masa hannu?" Babu wanda ya sa masa hannu. A ciki, jinin ɗan tayi yana ɗauke da wani nau'in himogulobin da ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yakan rufe ƙofar wannan himogulobin a hankali, ya buɗe ta manya, kuma a ta manyan ne lahanin gado yake. Sai jar ƙwayar jini ta tanƙware kamar lauje, ta toshe jijiya, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyiya tana kai 120. Babu ƙasar da ake haifar masu wannan ciwo kamar Nijeriya.

Wanda ya gane haka ya gane maganin. In aka sauya irin da ke ɓargo, jini ya sauya. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy: a ciro ƙwayoyin tushen mara lafiya, a gyara su yadda ƙofar nan ta lokacin ciki za ta sake buɗewa, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wannan adadi yana ci min rai, don na san uwar nan ko kuɗin mota sai da ta ranto.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Gwajin jini kafin aure a hannunku yake. AS da aka rubuta AA bisa ganganci ya isa ya jefa gida cikin wahalar shekara ashirin, ku maimaita duk gwajin da kuke shakka. In kun ji mai tallan "maganin ƙwayoyin tushe" a kwalba yana cewa yana warkar da komai, ku faɗa wa jama'a gaskiya da Hausar da za su ji. Sannan ina fata wasunku su dawo ɗakin bincike, domin dashen ɓargo yana buƙatar masu daidaita jinin mai bayarwa da mai karɓa, masu ƙirga ƙwayoyi, masu adana su, kuma irinku ake nema.

 Ranka ya daɗe, ga ɗaliban nan, sun cika sharuɗɗa, ina gabatar da su gare ka.