Yadda Waya Ke Yanka Rubutun Sinanci da Japananci

Da yawanku kun saba ɗaga waya ku haska kwalin kaya ko kwalbar maganin dabbobi daga ƙasar Sin, ita kuma ta fassara. To yau bari mu leƙa abin da ke faruwa a ciki.

Sinanci da Japananci ba sa barin fili tsakanin kalma da kalma. Ku gwada da Hausa: in aka rubuta "yazodawa", shin "ya zo dawa" ne, ko "ya zo da wa?" Kafin kwamfuta ta nemo kalma ko ta fahimci jimla, sai an san inda za a yanka.

Masu haɗa manhaja ba sa fara wannan aiki daga tushe. Akwai kayan aiki da aka riga aka rubuta, kyauta, sai dai a ɗauko a jona. Na Sinanci da ya yi fice shi ne jieba, da ake amfani da shi a yaren kwamfuta na Python. Na Japananci kuwa MeCab, wanda Taku Kudo ya rubuta. Kowanne yana da ƙamus babba. Yakan jera duk hanyoyin da jimla za ta yanku, sannan ya zaɓi wadda lissafi ya nuna ta fi dacewa. Japananci na da ɗan sauƙi, domin rubutu iri 3 ake cakuɗawa: kanji, hiragana da katakana, kuma inda iri ya sauya sau da yawa nan ne gaɓa.

Ina ruwanka? Ga shi. A Sinanci 斤, ana kiransa jin, rabin kilo ne. Amma 公斤, gongjin, cikakken kilo ne. In aka raba haruffan nan biyu, ko kyamara ta tsallake na farko, nauyi ya ragu da rabi. Haka 万, wan, dubu 10 ne, don haka 3万 yana nufin 30,000, ba 3 ba. Sunayen magunguna da na kamfanoni su ma sukan ba na'ura wahala, don ba duka ke cikin ƙamus ba.

Saboda haka, Alhaji, in kana ciniki da mutumin Guangzhou ko Yiwu, ka ce ya rubuta kuɗi da cikakkun lambobi, nauyi kuma da kg. Ka haska layi gaba ɗaya, cikin haske, kada ka gutsure shi. Kai kuma makiyayi, adadin allurar da za a yi wa saniya ba abin dogaro da waya ba ne. Kai kwalbar wurin malamin dabbobi ya duba.

Allah ya ba da kasuwa, ya ƙara wa garke albarka. Sai mako mai zuwa.