Tarauni Garin Bakin Rafi Ne: Ƙasarta, Ruwanta da Yawan Mutanenta

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamaina, iyayenmu mata, na gode da wannan gayyata. An ba ni lokaci kaɗan, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Da'awata ita ce: Tarauni da Gyadi-Gyadi garin bakin rafi ne, kuma ana mulkinsu kamar babu rafin, ana yi musu kasafi kamar an san yawan mutanensu, alhali ba a sani ba. Ambaliyar da muke kuka da ita duk Agusta daga waɗannan abubuwa biyu take fitowa. Na daɗe ina faɗar haka a gaban jami'an tsara birni, suna ce mini malamin labarin ƙasa ne, dole ya ga rafi a ko'ina. Yau zan sake faɗa da lissafi.

Tarihin kun fi ni saninsa. Bayan ganuwa muke, ƙasar gonaki da ƙauyuka, kuma sunaye irin su Ƙauyen Alu da Darmanawa da Daurawa sun isa shaida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gari ya fara fita daga badala. Tsarin Trevallion na 1963 zuwa 1983 ya zana yadda birnin zai faɗaɗa. Aka ƙirƙiri jihar Kano a 1967, zamanin Audu Bako ya kawo gidan zu da manyan ayyuka a wannan ɓangare, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya zo a 1988, Tarauni ta zama ƙaramar hukuma a 1996 da hedkwata a Unguwa Uku. Cikin rayuwar mutum ɗaya gonar gero ta koma layin shaguna.

Abin da ba a koya wa yaranmu shi ne yadda ƙasar take kwance. Birnin Kano ruwansa gida biyu yake rabuwa. Na arewa ya bi Jakara. Namu na kudu, wato na Gyadi-Gyadi da Tarauni da Gandun Albasa da Na'ibawa, ya bi rafin Tatsawarki, ya haɗu da Salanta mai ɗauko ruwan masana'antun Sharaɗa, su gangara kogin Challawa. Challawa ya haɗu da kogin Kano, su wuce ta Wudil su zama kogin Haɗeja, har zuwa fadamun Nguru. Abin da kuke kira babbar kwata a bayan gidajenku rafi ne mai suna da asali, an matse shi da bulo ne kawai. Kuma duk wanda ya bi shi zuwa ƙasa da rani zai tarar da manoma sun kafa injin ban-ruwa a bakinsa, ruwan baƙi ƙirin yana kumfa, suna shayar da latas da alayyahu da za su dawo kasuwanninmu.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, wato alƙaluma.

Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum dubu 221 da 'yan kai. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 28 ne. In ka raba, kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum kusan 7,900. Mu sauko da shi yadda dillalin fili zai gane: kowane mutum ya tashi da murabba'in mita 127, wato kusan rabin fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin. A cikin wannan rabin fulotin ne za a cire titi, da makaranta, da masallaci, da maƙabarta, da harabar asibiti, da tashar Unguwa Uku. Wannan a 2006 ke nan.

Ita kanta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce jama'ar Najeriya na ƙaruwa da kashi 3.2 cikin ɗari a shekara. Da wannan gudun, jama'a na ninkawa cikin shekara 22. Ma'ana, kafin 2028 ta ƙare, rabin fulotin nan ya koma rubu'in fuloti. Ƙasar ba ta ƙaru da taku ɗaya ba, rafin ma raguwa ya yi.

To, ku ɗora ruwa a kan wannan lissafi. In aka yi ruwan sama na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, abin da ya sauka a kan Tarauni lita biliyan 1.4 ne. Da jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka miliyan 56 ke nan. A da, gona ta shanye wani, kududdufi ya riƙe wani, saura ya gangara rafi a hankali. Yau kwano ne a sama, siminti da intalok a ƙasa, kududdufan an cike su da shara an yanka fulotai. Ruwan da yake ɗaukar kwana biyu kafin ya isa rafi yanzu cikin awa guda yake isa, gaba ɗayansa, ya tarar da hanyar da aka rage wa faɗi. Ina zai je in ba ɗakin mutane ba?

Da rani ma rafin ba ya hutawa. Mu ce kowane mutum jarka ɗaya kacal yake zubarwa a wuni, wanka da wanki da wanke-wanke. A lissafin 2006, lita miliyan biyar da rabi ke nan kullum. In jama'a ta ninka, miliyan goma sha ɗaya. Ƙasarmu kuwa fa ne a ƙarƙashinta, ruwan da ke sama da shi ba shi da yawa, kuma a gida mai rabin fuloti rijiya da masai ba sa wuce 'yan taku tsakaninsu. Wanda ya san yawan mutane ya san yawan ƙazantar da ke neman rijiyarsa.

Amma duk wannan lissafi nawa a kan ƙiyasi yake tsaye, kuma nan ne rigimata da jami'ai take. An yi ƙidaya a 1963, an soke ta 1973, an yi ta 1991, an yi ta 2006. Ta 2016 ba a yi ba, ta 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki. Ita ta 2006 ɗin ma a matakin ƙaramar hukuma aka tsaya da fitar da sakamako. Mazaɓu goma gare mu, amma babu jami'in da zai buɗe takardar ƙidaya ya gaya maka mutum nawa ne a Gyadi-Gyadi Arewa, nawa ne a Babban Giji ko Unguwar Gano. Da me ake auna faɗin kwalbati? Da me ake yanke yawan azuzuwa? Da ido, da kuma ƙarfin kansila.

Ku duba Hannibal, wani ƙaramin gari a bakin kogin Misisifi a Amurka, garin da marubuci Mark Twain ya taso. Mutanensa dubu 17 ne da 'yan kai, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na Tarauni ba. Amma Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, sun san yawansu unguwa-unguwa, sun san inda kogi yake kaiwa in ya fusata. Sun gina katangar tare ruwa, da babbar ambaliyar 1993 ta zo tsakiyar garin ta tsira. Ba wayo suka fi mu ba, sun yarda ne cewa a bakin kogi suke.

Na san amsoshin da ake ba ni. Wasu su ce leda ce ta toshe kwata. Gaskiya ne, amma ledar mutane ne suke yar da ita, kuma mutanen ne ba a ƙirga ba. Wasu su ce sauyin yanayi ne. To, sauyin yanayi bai yanka fuloti a kan kududdufi ba. Wasu abokan aikina kuma su ce Tarauni ta cika tuntuni, ƙaruwar ta koma Kumbotso. Su zo su ga gidan gado da aka raba huɗu, da zauren da ya zama shago, da benen da aka ɗora a kan ɗaki biyu. Ba a ma maganar dubban da ke wuni a asibiti da tasha da shagunan titin Zoo su kwana a wani wuri.

Shawarwarina huɗu ne, kuma ba sababbi ba ne. Na farko, kada mu jira Abuja. Masu unguwanni sun san kowane gida, ma'aikatan rigakafin shan-inna sun rubuta da alli a kowace ƙofa. Ƙaramar hukuma ta haɗa su da ɗaliban jami'a a ƙirga gidaje da mutane mazaɓa-mazaɓa, a liƙa sakamakon a sakatariya kowa ya gani. Na biyu, a bi Tatsawarki da ƙafa daga sama har ƙasa, a zana shi a taswira, a kafa duwatsun iyaka a gefensa biyu, a hana sabon gini a ciki ko na wane ne. Na uku, kududdufin da ya rage a yi masa takarda da sunan al'umma, a kewaye shi saboda yara, a daina kiransa fili. Na huɗu, wakilanmu a majalisa su nemi doka da za ta tilasta fitar da sakamakon ƙidaya mai zuwa har matakin mazaɓa.

Ranka ya daɗe, na farkon ba ya buƙatar izinin kowa sai naka da na shugaban ƙaramar hukuma. In aka fara da rani, kafin ruwan farko ya sauka mun san ko mu nawa ne.